Tatsuniyar da Iya Ta Riƙa Yi wa Tagar Baba

A gidanmu na Tudun Wada, tsakanin magariba da lisha lokacin Iya ne. Iya kakata ce, uwar mahaifina. In an sauke tuwo ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta, ta zuba gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta muna miƙa hannu tana buge mu da ludayi. Ni "ƙawata" take ce mini, wai bakina ba ya hutawa kamar nata. In za ta fara tatsuniya sai ta ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Shekarun da kuɗin man fetur ya cika gari ne. Baba akawu ne a wani ofis, aka yi musu ƙarin albashi har da na watannin baya a dunƙule. Cikin mako guda ya sayo babur da rediyo mai kaset da wando mai faɗin ƙafa. Abokai suka ɓullo, irin waɗanda ba mu taɓa gani a zaurenmu ba. Ba a jima ba ya fara dawowa da wani wari da turare ba ya rufewa. Da safe kuma sai ya haɗiyi wasu 'yan ƙwayoyi kafin idonsa ya buɗe ya tafi aiki. Mahaifiyata ta yi magana sau ɗaya, tsawar da ta sha ta sa ba ta sake ba. Kakanmu ya rasu, ba babba a gidan sai Iya.

Amma Baba ɗan fari ne. Iya ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Yaron nan" take cewa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. Haka ta gada, kuma duk unguwa da haka ake yabonta.

A wannan shekarar ce ta daina ba mu sauran tatsuniyoyinta ta kama guda ɗaya, kullum ita. Kujerar ma ta juya ta, ta fuskanci tagar ɗakin Baba, inda yake shirin fita, ta kuma ƙara murya.

Wai wani manomi ne ya tsinci 'yar gora mai magana a bakin gona. Ta ce masa, "Kurɓe ni, in ɗauke maka gajiya." Ya kurɓa, gajiya ta tafi. Washegari ya dawo, ta ce, "Yau gajiyarka ba ta ishe ni ba, ƙara mini da kunyarka." Ya ba ta. Daga nan ta karɓi fartanyarsa, ta karɓi sallarsa, ta karɓi hanyar gidansu, har ya zama yana wucewa ta ƙofar gida bai gane ta ba. Uwarsa tana tsaye a ƙofar tana kallonsa. Ran ƙarshe gora ta ce, "Me ya rage?" Ya duba, ba komai sai numfashi. Iya ta rufe da cewa, "Ta tashi ta tafi, kowa ya riƙe abin da ya tsinta."

Mun gaji da ita, wallahi. Wata rana na katse ta.

"Iya, uwarsa ba tana gani ba? Me ya hana ta kira shi?"

Ta yi ta juya gyaɗa har muka ji ƙauri. Can ta ce, "Ɗan farinta ne, ƙawata. Da wane baki?"

"Da bakinta mana."

"Tashi ki ba ni wuri, uwar surutu."

Daidai nan Baba ya fito yana ɗaura agogo, ya turo babur ta gabanmu. Ya ce, "Iya, na fita." Ta dubi murhu ta ce, "A dawo lafiya." Ban san ko ya taɓa jin tatsuniyar nan ba. Kullum kaset ɗinsa a kunne yake.

Shekara huɗu abin ya ɗauka. Aka sallame shi daga aiki, babur ya tafi, abokai suka ɗauke ƙafa. Cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, likita ya ce hanta ce ta lalace. Ranar da aka fita da gawarsa, Iya na zaune a ƙofar ɗakinta ko hawaye ba ta bari an gani ba. Mata masu gaisuwa suna ta cewa, "Kai, Iya akwai kara." Ina da shekara goma sha uku, na ji kamar in kore su da tsintsiya. Ina ƙaunar Iya, Allah ya ji ƙanta, amma har yau na kasa yafe wa wannan shirun. Ta ga ramin, ta san zurfinsa, ta tsaya tana ba yara labari.

Bara na sami kwalaben maganin tari guda biyu a jakar ɗana na fari, alhali ba tari yake ba. Dangin mijina suna tsakar gida. Na kira shi da sunansa na yanka, na dubi tsakar idonsa, na gaya masa yadda kakansa ya ƙare, ban rage komai ba. Na kai shi asibiti da ƙafata, na yi wata uku ina binsa. Har yanzu a dangi ana cewa ba ni da kunya, na tozarta ɗan fari a gaban mutane. Su yi ta faɗa. Ni ban shirya zaman makokin da za a yabe ni ba.