Fankar da Ba Ta Juyawa

Shekarar da aka kawo ordinata, wato kwamfuta, buronmu na Ƙonni, ni kaɗai na taɓa zama gaban irinta, don na yi horo na wata biyu a Yamai. Aikin buron kula da manoman rani ne, daga Tsarnawa har Badagishiri. Sakatarenmu dattijo ne, Baba muke ce masa. Ya fi shekara ashirin yana buga takardu da keken rubutu, amma darekta, wanda muke kira mushe, wato maigida da Faransanci, ya ce dole ya koma kan sabuwar na'ura.

Bayan azahar take tsayawa. Baba na cikin bugu sai komai ya ƙame, ko harafi ɗaya ba ya fita. A kashe a kunna, aikin yini ya tafi. Na canja disket, na goge komai na sake girkawa, na ɗora laifi kan wutar lantarki. Duk a banza.

Wata Juma'a rahoton da ake jira a Tawa ya ɓace. Darekta ya tara mu, har da direba da mai gadi.

"Baba, mi kake yi mata?"

"Wallahi, mushe, yadda anka nuna min nike yi."

"Hannunka ne. Kana dukanta kamar kana sussuka." Ya kama yatsun dattijon ya ɗaga sama, goro ya rina su. "Ku duba abin da ake taɓa kayan Turai da shi!"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Nan take ya ce daga Litinin Baba ya koma baranda yana karɓar wasiƙu.

Washegari na kwance bayan na'urar. Ƙaramar fankar da ke sanyaya cikinta ba ta juyawa, wayarta na lilo. Ni na cire ta ranar da muka haɗa na'urar don hannuna ya shiga, na manta ban mayar ba. Zafin bazara ne ke dafa ta. Na soke wayar, fanka ta tashi, na ɗaure murfi.

Ba ta sake tsayawa ba. Bayan sati biyu darekta ya dafa kafaɗata.

"Ka gani? Tun da munka ɗauke tsoho, lafiya lau."

"Haka ne, mushe," na ce. Ni aka ba kujerar Baba.

Da damina ta faɗi aka sallami Baba. Yana ɗaure 'yan kayansa bayan keke, zai koma Tajaye wurin 'yan'uwansa, ya kira ni gefe.

"Ɗana, kai ka san abin nan. Don Allah, da gaske hannuna ne?"

Daga inda muke tsaye ina jin ƙarar fankar ta taga. Na ce masa wasu hannuwan ba su dace da ita ba.

Ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, har ya sa mini albarka. Ya tura kekensa ya fita.