Sifikun Silvanus

Silvanus mai gyaran wayar tangaraho ne a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. A shekarar 1972 wani injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa amfilifaya, injin ƙara sauti, mai kwalabe shida, irin wadda sai ta yi ɗumi kafin ta yi magana. Sifiku kuwa bai bar masa ba, nan wahalar ta fara.

A bayan amfilifayar an rubuta om sha shida, wato lambar irin sifikar da za ta iya ja. Na kasuwar Kafanchan duk huɗu ne ko takwas. Ya gwada ta tsohuwar rediyo, gangar cikin faifan garmaho ta fito kamar ana dukan kwali. Ya gwada mai bakin ƙaho irin ta masu tallar magani, matarsa Magdalene ta ce ko ya kashe, ko ta koma gidan ubanta a Samaru Kataf.

"Baban Lucy, sifika ai sifika ce," in ji ta.

"Takalmi ma takalmi ne. Sa nawa ki je kasuwa."

Shekara uku yana ba direbobin jirgi takarda da lambar a rubuce, suna dawo masa da abin da ba shi ba. Sai a daminar 1975 ya samo biyu a Jos, akwatunan katako masu kai masa ƙugu. Ya haɗa, ya ɗora faifai, ya zauna a tsakiya, ya hana kowa giftawa. Kwana tara yana jin abin da yake nema.

Ya kafa wa Magdalene doka: in ba ya nan, kullum ta kunna, ta sa faifai ɗaya, kada danshi ya shiga kwalaben. Ya faɗa ya fi sau goma. Abin da bai faɗa ba shi ne irin wannan amfilifaya ba a sa ta aiki babu sifika, domin ƙarfin in bai sami mafita ba cikinta yake ci. Bai taɓa kawowa a ransa sifikun za su bar ɗakin ba.

Rana ta goma aka tura shi gyaran waya a kan layi. Da hantsi sai ga Mama Scholastica, shugabar zumuntar matan cocinsu, ta zo aron sifiku, suna da babban taro. A unguwar ba a hana coci aro: benci, tukunya, fitila, kome. Mata huɗu suka naɗa gammo suka kwashe akwatunan.

Magdalene ba ta manta doka ba. Ta kunna, ta ɗora faifai, ta ji shiru, ta murɗa ƙara har ƙarshe, ta tafi dakan acca. Ƙauri ne ya dawo da ita.

Da Silvanus ya dawo, tun daga ƙofa hancinsa ya gaya masa taransifomar cikin amfilifayar ta ƙone.

"Ina sifikuna?"

"Suna aikin Ubangiji."

"Kuma kika kunna?"

"Wa ya ce kullum? Ni na ce?"

Shi ne ya kafa dokar. Abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Ya kai wa mai naɗin waya amfilifayar a Jos, ta dawo tana gunji kamar ƙudan zuma. Ya sake rubuta takardu, ya sake tare direbobi, yana neman sabuwar taransifoma. Ba a samu ba.

Bayan wata biyu Mama Scholastica ta tare shi a bakin coci. "Ɗana, tunda naka injin ya mutu, a bar su nan mana. Allah zai saka."

Aka bar su, aka haɗa su da wata 'yar amfilifaya marar kwalba mai om huɗu. Har ya yi ritaya, kowace Lahadi Silvanus yana bencin baya, haƙora a cije, yana jin sifikunsa suna tari. Sau ɗaya ya tashi zai duba wayar, dattijon coci ya ce ya zauna, ana addu'a.