Ƙarfe a Cikin Bangon Aron Wiebe

Aron Wiebe ya yi shekara arba'in da shida yana aikin kafinta a ƙauyukan da ke kudu da birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. Ya gina gidajen katako da rumbunan alkama da coci biyu. A zamaninsa mutum kan ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya ji inda ginshiƙi yake, ya auna inci goma sha shida ya sami na gaba. Ubansa ya bar masa doka ɗaya wadda bai taɓa karyawa ba: in kana huda bango ka ji bakin injin ya taɓa ƙarfe, ka tsaya. Ƙarfe a bangon katako faranti ne da aka kafa don kare wayar lantarki ko bututun gas.

Yana da shekara saba'in da takwas ƙugun matarsa Tina ya daina yarda da matakala. 'Yarsu Lorraine ta kama musu ɗakuna a hawa na tara na wani dogon bene a cikin birni. Kafin su tashi daga tsohon gidan Aron ya taɓa mance tukunya a kan wuta har labule ya kama, kuma ran nan Lorraine ta faɗa masa ba tare da ɗaga murya ba: “Baba, in aka sake, sai gidan kula da tsofaffi.” Ya san gidan. Masu ciwo irin na Tina suna ɓangare ɗaya, masu ƙafafunsu suna wani. Shekara hamsin da uku ke nan suna kwana gado ɗaya.

A watan Janairu Lorraine ta kawo musu talabijin mai faɗi, ta ce ranar Asabar za ta turo mai kafawa. Aron bai jira Asabar ba. Ranar Alhamis da hantsi ya fito da injin hudarsa.

“Tsoho, an ce ka jira,” in ji Tina daga kujerarta.

“In jira yaron da bai san kan guduma ba? Ni na gina cocin da aka yi wa uwarsa baftisma a ciki.”

“Kai ka san uwarsa?”

Ya ƙwanƙwasa bangon. Sautin bai yi masa daidai ba, kamar ana buga gwangwani a cikin bargo, amma ya ɗora laifin a kan kunnensa. Ya yi alama da fensir, ya kafa injin. Farin gari ya zubo. Sai injin ya yi wata 'yar ƙara, kafin ya ɗauke yatsa ya riga ya faɗa ciki. Da ya zaro, ga siririn ƙarfe yana ƙyalli a bakinsa.

Aron ya ajiye injin. Ya kara tafin hannu a ramin, ya ji iska tana fitowa, mai sanyi, da ɗan fito siriri. Ya kai hanci. Wani wari ya buge shi, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

“Tina, kada ki taɓa makunnin fitila. Kada ki taɓa komai. Tashi.”

“Me ka yi?”

“Na huda gas.”

Ta dube shi, ba ta ƙara tsokana ba. Ya toshe ramin da babban yatsa, ya ga ba zai iya toshewa ya kuma ɗaga ta ba, ya saki. Ya sa mata bargo a kafaɗa, ya riƙe ta suka fita baranda ta ciki, taku ɗaya ɗaya. Lifta ba ta shiguwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Matakala kuwa hawa tara ce. Bayan ƙofofin nan yana jin rediyon wani, da kukan jinjirin masu ɗaki lamba ɗari tara da shida.

Jan akwatin ƙararrawar gobara yana jikin bango kusa da matakala. Aron ya tsaya gabansa. In ya ja mariƙinsa, 'yan kwana-kwana za su zo, a fitar da mutum ɗari biyu cikin dusar ƙanƙara, kafin azahar Lorraine ta ji.

“Za su raba mu,” in ji shi.

“Na sani,” in ji Tina. “Ja, Aron. Akwai jariri.”

Ya ɗora hannu ke nan sai ƙofar matakala ta buɗe. Marisol Dizon ce, mai kula da ginin, da tsintsiya da tarin makullai a ƙugu.

“Kai, kai, Baba Wiebe! Sauke hannun nan!”

“'Yata, gas! Na huda faranti, na huda bututu!”

“Wane gas? Babu gas a ginin nan, ko na kunna sigari. Komai lantarki ne.”

“Na ji warinsa da hancina.”

Ta wuce shi ta shiga ɗakin, ta sunsuna ramin, ta kwashe da dariya har makullanta suna ƙara. “Yau Alhamis. Kabejin Madam Kowalchuk ne, maƙwabciyarku, duk Alhamis take dafa shi. In sanyi ya yi tsanani iska takan bi cikin bangayen nan ta hau sama, ta ɗauko girkin kowa.”

“To ƙarfen fa?”

Ta ciro maganaɗisu daga jikin firij ta manna a bango, ya tsaya. Ta matsa inci goma sha shida, ya sake tsayawa. “Ginshiƙin ne da kansa, Baba. Ba katako ko ɗaya a nan. Daidai inda ya kamata ka huda.”

Aron ya zauna a hannun kujera. Tina ta sa shi ya sha gahawa kofi biyu.

Marisol ta hana shi dogayen notocin katako da ya tanada, ta ce ƙarfen bai fi murfin gwangwani kauri ba, za su zame talabijin ya faɗo. Ta kawo masa waɗansu masu fikafikai, waɗanda ake naɗewa a tura ta rami su buɗe a bayan ginshiƙin. Ya juya ɗaya a hannu ya daɗe yana kallo. Ya kafa huɗu. Kafin ya ɗora talabijin sai da ya kama ƙarfen ratayar ya sakar masa nauyinsa duka.

Ranar Asabar bai jira wani ya kai labari ba, ya gaya wa Lorraine komai da bakinsa, yana kallon ƙasa. Da ya gama, Lorraine ta tambaye shi.

“Ka san abin da zan yi, amma ka kai hannu za ka ja?”

“Uwarki ce ta ce in ja.”

“Ƙarya yake,” in ji Tina. “Hannunsa ya riga bakina.”

Lorraine ta tashi ta girgiza talabijin ɗin da hannu biyu, bai motsa ba. Ta buga waya ta sallami mai kafawa. Injin hudar yana kan tebur a gabanta, ta ɗauka, ta mayar masa da shi cikin akwatinsa. Maganar gidan tsofaffi ba ta tashi ba.

Duk da haka, kowace Alhamis da hantsi Aron yakan leƙa bayan talabijin ya sunsuna.