Ranar da Ba-ruwanka ya shiga kwale-kwale

Muna tsakiyar kogin Challawa mai kwale-kwale ya tambayi Kawu Idi, "Baba, yaya sunan karen naku?"

"Ba-ruwanka," in ji Kawu, ko kallonsa bai yi ba.

Kawu maigadi ne a wani sito a Sharada. Ya samu hutun kwana biyu, na yi alkawarin kai shi yawon ruwa da gidan tarihi, shi kuma ya kafe sai da karensa. Da ƙyar mai kwale-kwalen ya yarda muka shiga da shi.

Da jin amsar Kawu, sai kawai mutumin ya ajiye sandar tuƙi. Kwale-kwale ya fara juyawa, ga shi daga ni har Kawu ba wanda ya iya ruwa.

"Albarkacin furfura kuka ci, Baba. A cikin jirgina za ku ce ba ruwana? To ku tuƙa da kanku."

"Haba Sarkin Ruwa, ka tambaya na gaya maka. Ba-ruwanka!"

"Kun ma sake?"

Na ga bayani ba zai fisshe mu ba, sai na ƙwala kira, "Ba-ruwanka, zo!" Kare ya miƙe yana kaɗa jela.

Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki sandarsa. "Wa aka yi wa habaicin?"

"Maigadin siton da ke kusa da namu. Ya cika sa ido," in ji Kawu.

Washegari a ƙofar gidan tarihi wani ma'aikaci ya yi irin wannan tambayar. Kafin Kawu ya buɗe baki na ce, "Bobi ne."

Ku fa, wane sunan habaici kuka taɓa jin an raɗa wa kare?