Rantsuwar da Na Yi wa Dattijon Bakin Kwari

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in rubuto muku, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce na cika damuwa da abin da bai kai ya kawo ba. A lokacin da abin ya faru ni sabon direban gida ne a unguwar Badi'a a Riyad, ban ma gama sabawa da hanyoyi ba. Wata Juma'a aka yi ruwan sama, kafilina, wato mai gidan da takardar izinin zamana ke hannunsa, ya ce in kai shi da iyalinsa yawon kallon ruwa kamar yadda mutanen nan ke yi. Muka yi tafiya mai nisa kudu, har muka sauka wani ƙaramin gari mai gidajen laka da gonakin dabino, ruwa na gudu a kwarin da ke gefensa.

Suna shan gahawa a bakin ruwa, ni kuwa na raɓe jikin mota ina waya da matata. Sai wani dattijo baƙi mai sanda ya tsaya yana saurarena, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannuna ya kira ni ɗansa, ya gaishe ni da wata Hausa da ban taɓa jin irinta ba sai a bakin kakata. Da Larabci ya ƙarasa, ya ce abin da ya rage masa na harshenmu gaisuwa ce da zagin da uwarsa ke yi masa in ya yi ƙiriniya, ya kuwa zage ni da shi muka yi dariya. Mahaifinsa ne tun yana yaro ya zo aikin Hajji da ƙafa, bai sake komawa ba. Sunan garinsu ya ɓace wa dattijon. Abin da ya riƙe shi ne garin yana bakin kogi, da gora ake haye shi, gidansu maƙera ne, kuma akwai kuka mai kogo a bayan maƙerar. Ya ce ba ya so ya mutu jikokinsa na tambayarsa asalinsu yana shiru.

Tausayi ya rufe ni, na ce masa Baba wallahi tallahi sai na nemo maka. Ban gama rufe baki ba kafilina ya danna ham, na ruga mota ko lambar waya ban karɓa ba.

Tun daga ranar ban huta ba. Na tambayi 'yan ɗakinmu, wani Bazamfare ya ce in kuka da kogi ne to rabin Arewa garin tsohon ne, in zaɓi ɗaya kawai in faɗa masa. Na kasa, don ƙarya ce a kan rantsuwa. Wani ɗalibin addini a unguwar Shumaisi ya ce in yi kaffara, na yi, amma zuciyata ba ta sauka ba. Komawa garin da na haɗu da tsohon kuma ba a hannuna yake ba, motar ba tawa ba ce, hutun ma sai an ga dama. Kwanan baya na haɗu da wani mai dabino ɗan garin a kasuwar Utaiƙa, ya ce tsohon yana kwance ba ya fita, kuma duk wanda ya dawo daga Riyad sai ya tambaye shi ko ya ga direban nan ɗan Nijeriya.

Abin da na koya, kada tausayi ya sa ka saka sunan Allah a kan abin da ba ka da iko da shi, don wanda ka yi wa alkawari zai zauna yana jiranka da gaske. Ina roƙon masu karatu, duk wanda aka taɓa ba shi labarin wani yaron maƙera da ya bi ayarin Hajji bai dawo ba, don Allah ya sanar da wannan mujalla. Ku hanzarta, mai dabinon ya ce tsohon ko kunu da ƙyar yake sha.