Ido ɗaya ya rage mini, shi ma aro ne

Salamu alaikum jama'a. Masu cewa Idi na Tama ya yi kuɗin albasa ya manta da mutane, ku yi haƙuri. Ban ga saƙonninku ba ne. Wallahi ban gani ba.

Abin ya faro a garkar albasata. Ina cirar haki sai matata Rabi ta ce, "Malam, irin albasa kake tumɓukewa." Na yi mata faɗa, alhali gaskiyarta ce. Ashe yanar ido ce ta rufe mini idon dama.

Rabi ta ce mu tafi asibiti. Kawuna ya ce a'a, can cire ido suke. Ranar kasuwa ya kai ni wurin wani baƙo mai soke yanar ido da allura. A gindin itacen bedi anka zaunar da ni, mutum biyu sunka danne mini kai.

Da ya soka allurar na ga haske, har na yi kabbara. Kafin sati ya zago idon ya kumbura yana zubar da ruwa, baƙon kuwa ya bar gari.

A asibitin Tawa lokotoro, wato likita, ya haska fitila, ya auna. Sannan ya ce, "Wannan ya mutu. Na hagu ma akwai yana, kuma ruwan cikinsa ya hau. In ba a yi aiki ba, shi ma tafiya zai yi."

Na ce ban yarda ba. Wani ƙarfe kuma a idona? Kai!

Muna zaune a barandar asibiti, ɗiyata Hadiza ta kunna wani fim ɗin zane na yara a waya. Tunda ba na gani sosai, sai ta riƙa ba ni labari. Ruwa ya ci gari, ga wasu dodanni masu fiffike masu aman wuta sun sauko, wai mutane su hau bayansu a ƙetarar da su.

Na ce, "To ya anka yi sunka san ba cinye su za a yi ba?"

Ta ce, "Baba, ba su sani ba. Ruwan ne ya kai musu wuya."

Na ce mata ni na taɓa hawa, kuma an cinye ni. Ta kashe wayar tana kuka. Kukan nan ne ya sa na ce a yi aikin, ba don na yarda da kowa ba.

Mun sai da tumakin Rabi, anka yi. Da sunka cire bandeji na ga fuskarta, dishi-dishi. Lokotoro bai ɓoye mini ba: jijiyar ta riga ta lalace, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai yi. Garka ta gagare ni. Wannan rubutun ma sai da na manna hanci a waya.

Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da lokotoron da ya gaya mini gaskiya. Kawu ya daina haɗa ido da ni, na yafe masa.

Don Allah, wanda ya ga hazo a idonsa ya tafi asibiti tun da wuri. Kar ku bari a soke muku ido a kasuwa, ko wa ya kai ku.

Yanzu in yarana suna cin tuwo sai in matso in yi ta kallonsu. Hadiza ta ce, "Baba, kallon ya yi yawa." Na ce ta bar ni, haddacewa nake yi.