Baƙon da Ke Tambayar Ramuka

A tsohon Zongon Lome, kafin a tashe mu a mai da mu bayan gari, babana mai masauki ne. Baƙo in ya sauka gidanmu ya zama namu ke nan: mu ba shi ɗaki, mu nuna masa hanya, in kuma ya yi ɓarna ba shi za a fara nema ba, mai masaukinsa za a kira. Masu goro da masu shanu da masu atamfa duk sun kwana a ɗakunanmu, kuma kowannensu ka san abin da ya kawo shi tun bai ajiye jaka ba. Mutum ɗaya ne ya zo da ban gane shi ba, kuma har yau in na tuna shi kunya nake ji.

Lokacin babban hutu ne, na gama sakandare ina jiran sakamako, ina yawo da alƙalami a aljihun gaba don a san na yi boko. Zamanin jam'iyya ɗaya ne. Hoton shugaba na kowane shago, kuma ko a majalisar ƙofar gida, in hira ta karkata wajen gwamnati sai ka ga kowa ya tuna da alwala. Mun san akwai masu kai rahoto a unguwa, ba mu dai san su waye ba, don haka kowa ake zargi.

Cikin wannan hali mutumin ya sauka daga motar Legas da jaka ɗaya mai nauyi. Siriri ne, mai furfura kaɗan, ya ce shi malamin makaranta ne daga wajen Jos, hutu ya zo yi. Babana ya tambaye shi abin da zai saya ko zai sayar.

"Ba ko ɗaya, Alhaji," in ji shi. "Duwatsu nake nema."

"Na gini?"

"A'a, na kallo."

Babana ya yi masa barka da zuwa kamar ya ji magana mai hankali. Bayan ya shiga ɗaki sai ya kira ni gefe ya ce tunda baƙon ba ya jin Faransanci, ni zan riƙa raka shi. "Ka zama bakinsa," ya ce. Ni kuwa a raina na ƙara wa kaina aiki, na zama ido a kansa.

Yadda yake neman wuraren nasa shi ya fara tayar mini da hankali. Mutum ya zo Lome hutu, bai tambayi bakin teku ba, bai tambayi babbar kasuwa ba, sai ramuka. Muka je Totsi inda ake sababbin gine-gine, ya tsuguna gaban tarin tsakuwa yana tonawa kamar kaza, sannan ya sa ni tambayar magina daga wane rami aka ɗebo ta. Muka je Adidogome wurin direbobin tifa, ya saya musu shayi, yana tambayar wace hanya suke bi, ƙasar wajen fara ce ko ja. Har wani tsoho mai haƙar rijiya ya sa aka nemo masa, suka zauna rabin yini yana tambayarsa gaba nawa ake yi kafin yashi ya ƙare a taras da farin dutse. In an yi ruwan sama kuwa sai ya hau murna, wai kwazazzabai sun wanke fuska. Duk abin da aka faɗa masa yana shiga wani littafi mai baƙin bango, da Ingilishi, da zane-zanen hanyoyi da gadoji.

Na faɗa wa babana. Na ce, "Baba, mutumin nan taswira yake yi. Ranar da aka kama shi, ku za a zo ɗauka."

"Ya ci amanar wani?"

"Bai ci ba tukuna."

"To ka bari sai ya ci."

Haushi ya kama ni. Ina ganin tsohon bai san duniyar da muke ciki ba, ni da na karanta littattafai ni na sani.

Gaskiya akwai ranar da na kusa sakin jiki da shi. Wani direba ya kai mu wani tsohon rami da aka daina aiki a cikinsa, can arewa da gari. Malamin ya koya mini in daina kallon ƙasa gaba ɗaya, in riƙa bin layin da launinta ya canza. Ina cikin bi, ina gunaguni saboda rana, sai na ga wani abu baƙi mai sheƙi ya leƙo daga bango. Na ƙwaƙulo shi da ƙusa. Haƙori ne, tsawon ɗan yatsana, bakinsa da kaifi har yanzu. Ya ce na wani babban kifin teku ne, wai da can duk inda muke tsaye ruwa ne, tun kafin a yi mutum. Muka samu katantanwa da ta zama dutse, da wani farin dutse mai ƙyalli kamar gishiri. Ya zauna kan ƙasa da rigarsa mai kyau yana dariya, yana rubutu. Na ji daɗi ƙwarai a ranar. Amma muna hanyar komawa zuciyata ta ce mini ai ɗan leƙen asirin da ya iya aikinsa haka zai yi, ya sa ka so shi.

Kwana biyu bayan nan ya sa babbar riga ya fita shi kaɗai, ya ce ba sai na raka shi ba, inda za shi akwai mai jin Ingilishi. Na bi shi daga nesa har na ga ya shiga wani ofishi mai tuta a unguwar ma'aikatu. Ya daɗe. Da ya dawo sai ya sanar cewa ranar Asabar za mu je wajen da ake haƙar fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi, wai a can haƙoran suka fi yawa. Fosfat kuwa a lokacin shi ne idon gwamnati, ko jirgin ƙasan da ke jan sa zuwa teku ba a tsayawa a ƙura masa ido. Na ce shi ke nan, ko dai yana yi wa wata ƙasa aiki, ko kuma gwamnatinmu ce ta turo shi ta gwada gidanmu. Ko wanne ne, littafin nan shi zai kai babana ɗaurin da ba a dawowa.

Ranar Asabar da safe, yana wanka, na shiga ɗakinsa, da yake ni ke riƙe da makullan ɗakunan baƙi, na zare littafin daga jaka. Innata ta bar murhun koko da wuta. Na cusa shi ƙarƙashin tukunya, na tsaya har bangon ya nannaɗe. Ban ko buɗe shi ba. Na fito ina jin na ceci gida.

Ba mu kai ko'ina ba. A shingen farko bayan gari jandarmomi suka sauke mu, suka zazzage jakar: guduma, kurfi, gilashin ƙara girma, da ɗan agogon nan mai nuna gabas da yamma. Babbansu ya ce, "Papiye," wato takardu.

Malamin ya yi murmushi, ya ce mini, "Gaya masa akwai takardar izini da hatimi, tana cikin bangon littafina. Ita na je karɓowa ran nan."

Ya sa hannu cikin jaka. Ya sake sawa. Ya juye ta ya kakkaɓe. Ni ne tafinta, don haka da bakina na gaya wa jandarma cewa akwai takarda, da bakina kuma na ce ba a gan ta ba.

Abin da na ƙona littafin don kada ya faru, shi ya faru. Kafin azahar an aika an zo da babana. Suka sa shi cire hula, suka zaunar da shi kan benci a rana tare da ɓarayin kaji, dattijon da ko limamin unguwa ke miƙe masa. Kwana biyu suka riƙe shi da malamin, ofishin mai tuta a rufe sai Litinin. Da aka tabbatar an ba da takardar sai aka sake su, amma aka ce baƙon ya bar ƙasar kafin jibi.

Yana ɗaure kaya na tsaya bakin ƙofa kamar mai taya shi. Bai zargi kowa ba. Ya ce abin da ya fi ci masa rai ba takardar ba ce, littafin ne, aikin hutu goma sha ɗaya ne a ciki, duk ramin da ya taɓa samu daga Sakkwato har nan. Ya ɗauko haƙorin nan ya sa mini a hannu.

"Naka ne, kai ka gano shi. Na ma rubuta sunanka a littafin, gefen bayanin ramin, don wanda zai zo bayana ya san wa zai nema."

Babana ya rako shi har bakin titi, ni ina biye da jaka. Malamin ya ce wataƙila a mota ya yar da littafin. Babana ya girgiza kai.

"A'a, Malam. Da safen nan na ji warin takarda a murhu, ban tambaya ba. A gidana ya ɓata, ni na ɓatar. Ka yafe mini."

Babana bai tuhume ni ba, a ranar ko bayanta, kan wannan magana. Da muka koma gida ya miƙo hannu kawai, na zaro makullan ɗakunan baƙi na ba shi, kuma har ya rasu bai sake ba ni su ba.